Ranar da Zinariya Ta Koya wa Kwamfuta Tarbiyya

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin Zinariya a gidan hayarsu na Gwallameji, kafin a ba shi ruwa sai an nuna masa takardar. Tana rataye a bango cikin gilashi, da jan hatimi: shaidar kammala koyon kwamfuta, shekara goma sha shida ke nan. Abin da takardar ba ta faɗa ba, ita ma Zinariya ba ta faɗa. Kwas ɗin sati uku ne, su takwas ne a kan kwamfuta ɗaya, kuma kwana tara a ciki babu wuta. Ta dai iya kunnawa, ta iya rubutu da yatsa ɗaya, ta kuma iya kashewa, wato ta zare waya daga bango.

Ga ta da fargaba. Idan autarta Fati ta yi lattin minti goma, Zinariya ta riga ta kai ta asibiti a zuciyarta, har ta fara tunanin wanda zai ba da jini. Kuma halinta ne, gwargwadon tsoron da ke cikinta gwargwadon girman bakinta.

Fati ta yi wata tara a wata cibiyar koyon rubuta manhaja a cikin gari. Ranar Asabar ɗalibai za su nuna aikinsu a gaban alƙalai, uku kacal za a ɗauka aiki, sauran a ce musu sun gode. Wata taran nan, babu abin da ake ci ake sha a gidan sai zancen wannan rana.

Aikin Fati kuwa ga shi. A manhajar da suke rubutu a ciki, akwai wata baƙar taga a ƙasa, inda mutum ke buga umarni kwamfuta ta amsa nan take. Tagar nan ce ke korar sababbin ɗalibai, don ba ta da fara'a, ba ta jin Hausa, kuma in ka ce ta goge abu, sai ta goge ko da ranka ne a ciki. Fati ta zauna ta mayar da ita mai sauƙi. Ta sa ta yi Hausa, ta sa mata murya saboda masu jinkirin karatu, ta sa in an yi kuskure ta nuna inda yake, in kuma an ce ta goge abu ta tambaya tukuna. Ta yi shafin saituna ma da Hausa, inda kowa zai canza abin da yake so.

Ranar Alhamis ta ce da uwarta, "Umma, zo ki gwada min. In dai ke kika iya, to kowa ma zai iya."

Zinariya ta ɗauki wannan magana yabo ne. Kafin la'asar ta kai ta bakin famfo.

"Ni nake duba mata aikin," ta ce da maƙwabtanta, Matta matar Irmiya, wadda ake kira Maman Juliana, da Yelwa mai saƙa. "Kun san yaran yanzu, akwai ƙwaƙwalwa amma babu tushe. Mu ne muka yi na asali."

"Sannu Injiniya," in ji Matta. "To ki fara gyara mana famfon nan, tun safe yake tari."

"Ba fannina ba ne."

Asabar da safe Fati ta fita buga takardun bayanin aikinta. Ta jona kwamfutar a wuta ta ce, "Umma, in ta cika ki zare kawai. Don Allah kada a taɓa."

"Wa zai taɓa?" in ji Zinariya.

Fati na fita, fargaba ta shigo. Idan abin ya lalace cikin dare fa? Idan ya ƙi buɗewa a gaban manya fa? Dubawa ai ba taɓawa ba ce. Ta buɗe. Baƙar taga ta bayyana, muryar ta ce:

"Sannu."

Zinariya ta jira sauran. Babu saura.

Ta dafe ƙirji. Ranar Alhamis hankalinta na kan yatsanta, ba ta lura ba. Yau wannan abin zai tsaya gaban alƙalai, mutane masu furfura, ya ce musu sannu tsirara, kamar an haɗu a layin mai? Ai ba kwamfutar za a zaga ba. Cewa za a yi yarinyar ba ta da tarbiyya, sannan a tambaya 'yar gidan wace ce. Ita da ta tashi a Ƙofar Wambai, inda gaisuwa ke cin rabin safiya!

Ta leƙa tsakar gida. "Maman Juliana! Yelwa! Ku zo ku ga aiki."

Matta ta shigo da kumfar wanki a hannu, Yelwa da zarenta. Zinariya ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta sa tabarau, ta buɗe shafin saituna. Ta sami gurbin da aka rubuta Kalmar Maraba, ta share sannun nan, ta ɗaga yatsa.

Ba ƙaramin aiki ba ne. Harafi ɗaya sai an yi cigiyarsa.

"Ga shi can kusa da babban yatsanki," in ji Yelwa.

"Na gan shi. Ina ba shi lokaci ne."

Ta rubuta sallama, ta rubuta ina kwana, ina gajiya, yaya iyali. Yelwa ta ce a sa yaya masu jiki. Matta ta ce a sa ya hanya, tunda wasu daga nesa za su zo.

"Saura ƙafar maigidana," in ji Matta tana dariya. "Tun da ya faɗo daga mashin kowa sai ya tambaya. Kwamfutarku ce kawai ba ta tambaya ba."

"Kina tsammani ba za ta iya ba?" in ji Zinariya. Ta rubuta zancen ƙafar, don dai ta rufe mata baki, da niyyar ta share daga baya. Ta danna. Muryar ta jero gaisuwa tiryan-tiryan, ta ƙare da, "Yaya ƙafar Baban Juliana? To Allah ya ƙara sauƙi."

Matta ta zube a kan kujera. "Amin! Kai, ta fi dangin mijina kirki!"

A ƙarƙashin gurbin akwai zaɓi biyu: a yi gaisuwar da farko kawai, ko kafin kowane umarni. Zinariya ba ta yi dogon tunani ba. Gaisuwa ta taɓa yin yawa? Ta zaɓi na biyun.

Da a nan ta tsaya, da da sauƙi. Amma yabo ya riga ya hau mata kai. Garin nuna gwaninta ta buga wani abu ba daidai ba, sai ga jan rubutu, muryar kuma ta ce, "Wannan umarnin ba daidai ba ne. Duba kalma ta biyu."

Yelwa ta ƙunshe dariya da zarenta. "Injiniya, an ce ki duba kalma ta biyu."

Zinariya ta cire tabarau ta sake sawa. "Kun ji ko? A gabanku ma ke nan. To a ce alƙali ne hannunsa ya kuskure, ta tozarta shi a bainar jama'a da jan rubutu. Ai ko ya so ya ɗauki Fati ya fasa. Babba ba ya kuskure a gaban mutane, sai dai a rufa masa asiri."

Ta nemo gurbin saƙon kuskure, ta share, ta rubuta: Madalla, Allah ya yi albarka. Ta mai da launinsa kore. Ta sake buga shirmen ɗazu, kwamfuta ta gaishe ta, ta tambayi ƙafar Irmiya, ta sa mata albarka.

"Yanzu na ji magana," in ji Zinariya.

"Ni ma a yi wa maigidana irin wannan gyaran," in ji Yelwa.

Na ƙarshen shi ne ya fi ɓata mata rai. Ta so ta goge wani ɗan rubutun gwaji da ta yi, sai muryar ta ce, "Kin tabbata?"

"Ni take tambaya?" Zinariya ta waiga ta dubi maƙwabtan. "Shekara ashirin da tara ina tare da maigidana Malam Ladan, bai taɓa ce min kin tabbata ba."

"Don ya san ko ba ki tabbata ba sai kin yi," in ji Matta.

"Ba a tambayar babba sau biyu. Wannan rashin kunya ce." Ta kashe tambayar.

Ana cikin haka suka ji muryar Fati a ƙofar gida. Zinariya ta rufe kwamfutar da sauri, ta zare waya, ta sa yatsa a baki. "Kada wadda ta ce komai. So nake ta gani a can, ta san tana da uwa."

Fati ta shigo a guje, an ɓata mata lokaci a wurin buga takardu. Ta cusa kwamfutar a jaka ba ta buɗe ba, don kada caji ya ragu. Su huɗu suka matsu a keke mai ƙafa uku guda ɗaya, Matta rabin jikinta a waje. A hanya Fati na ta maimaita jawabinta a hankali, Zinariya na ta murmushi ita kaɗai. Sau ɗaya ƙafar Irmiya ta faɗo mata a rai. Sai ta ce a ranta, ai na share. Ko ban share ba? Na share mana.

Zauren cike yake da iyaye. An kafa babban allo da lasifika. Shugaban alƙalai wani Malam Mansir ne, siriri mai tabarau, wanda da ganinsa dariya ba ta cikin abincinsa. Kusa da shi Madam Comfort, sai na ukun da bai ce uffan ba har aka tashi.

Aka kira Fati. Ta jona kwamfutarta, baƙar taga ta cika allo. Ta ce, "Wannan taga tana tsorata masu koyo. Ni na sa ta zama mai sauƙi, ba ta ɓata wa mutum lokaci." Ta buga umarnin farko.

Lasifika ta buɗe baki. "Assalamu alaikum. Ina kwana? Ina gajiya? Yaya iyali? Yaya masu jiki? Ya hanya? Yaya ƙafar Baban Juliana? To Allah ya ƙara sauƙi."

Wata tsohuwa a layin gaba ta amsa, "Lafiya lau, alhamdu lillahi." Zaure ya ɗauki dariya, wasu har da tafi.

Zinariya tafin ta ji. Ta taɓa matar da ke gefenta. "Ni na sa wannan. Ni ce uwarta. Ina da takarda." Ta juya ta gaya wa na baya, ta gaya wa na gaba. Kafin minti ɗaya layi uku sun san Injiniya.

Fati ta tsaya kamar an dasa ta. Can ta buga umarni na biyu.

"Assalamu alaikum. Ina kwana? Ina gajiya?"

Aka sake bi tun daga farko har ƙafar Irmiya. A karo na uku jama'a suka fara amsawa tare, kamar 'yan makaranta. Wani daga baya ya ɗaga murya, "Wai wane ne Baban Julianan nan? A kai shi wurin ɗori mana!"

"Ya ji sauƙi!" in ji Matta. "Yana takawa!"

Fati ta kai hannu za ta buɗe saituna. Malam Mansir ya ɗaga biro. "A'a, malama. Ba a gyaran aiki a gaban alƙalai. Abin da kika kawo shi za mu gani." Ya taso ya zo gaban kwamfutar, takardar bayaninta a hannunsa. "Kin rubuta nan cewa in an yi kuskure tana nunawa. Bari mu gani."

Ya zuba yatsunsa goma a kan madannai, ya buga shirme tsantsa. Kwamfuta ta gaishe shi, ta tambaye shi masu jiki, sannan rubutu kore ya fito. "Madalla, Allah ya yi albarka."

Madam Comfort ta kifa kai a kan tebur, kafaɗunta na rawa.

"Kin ga?" Zinariya ta raɗa wa Yelwa, amma muryarta ta fara sirancewa. "Ba ta kunyata shi ba."

"Dubi fuskarsa dai," in ji Yelwa.

Malam Mansir ya juya takarda. "Nan kuma kin ce, ko an ba ta umarnin gogewa, ba ta gogewa sai ta tambaya. Kin ma ja layi a ƙarƙashi. To bari in goge jakar aikinki da ke cikin kwamfutar gaba ɗaya, tunda kin amince da ita."

"Malam, don Allah dakata!" in ji Fati.

Ya riga ya danna. Aka yi gaisuwa. Aka tambayi ƙafa. Ba a tambayi Malam Mansir komai ba. Jerin sunayen da ke gefen allo, aikin wata tara, ya ɓace ɓat kamar an share tsakar gida.

Dariya ta ɗauke. Fati ta buga umarnin buɗe aikin. Lasifika ta gaishe ta a tsanake, sannan ta ce, "Madalla, Allah ya yi albarka."

Malam Mansir ya cire tabarau. "Malama Fati, mutum ashirin da biyu ke neman gurbi uku. Kin rubuta abu a takarda, kin kawo mana wani abu dabam. Ko wasa kika mai da mu, ko ba ki san aikinki ba. Zaɓi ɗaya."

Fati ba ta zaɓa ba. Ta dubi inda uwarta take, sau ɗaya, ta sunkuyar da kai. Ta gane, amma ba za ta faɗa ba. Malam Mansir ya ɗauki biro zai ja layi a kan sunanta.

Layi uku na zauren suka juyo suna kallon Zinariya. Ta nemi ƙasa ta tsage, ƙasa ta ce siminti ce. Matta ta zungure ta da gwiwar hannu.

"Injiniya, tashi mana. Ɗazu ai ba ki da ciwon baki."

Zinariya ta miƙe, jakarta ta faɗi, ba ta ɗauka ba. "Ranka ya daɗe, kada ka ja layin nan. Ba ita ba ce. Ni ce."

"Ke wace ce, Hajiya?"

"Ba Hajiya ba ce tukuna. Uwarta ce. Ta ce kada a taɓa, na taɓa."

"Me ya kai ki?"

"Gani na yi ba ta iya gaisuwa ba. Na ce kada ku ce daga gida ne."

"Tambayar gogewa fa?"

"Na ga ba ta dace da manya ba."

"Tana da takarda fa!" in ji matar da ke gefenta, da zuciya ɗaya, don ta taimaka.

Zinariya ta runtse ido. "Sati uku ne, ranka ya daɗe. Mu takwas a kan guda ɗaya. Ni ce ta bakwai a layi, kullum kafin a zo kaina an ɗauke wuta."

Wannan karon har Malam Mansir sai da ya juya baya yana gyara hula, ya daɗe yana gyarawa. Madam Comfort ta goge hawaye ta ce, "Mama, tsaya. Duk canje-canjen nan ke kaɗai kika yi? Babu wanda ya nuna miki?"

"Da yatsa ɗaya. Wannan." Ta ɗaga shi, ta yi sauri ta ɓoye.

Alƙalan suka haɗa kai suka yi ƙus-ƙus. Malam Mansir ya ce, "Laifin ba na ɗaliba ba ne duka, amma tana da nata kason. Wanda ya gina ɗaki mai sauƙin shiga, shi zai sa masa sakata. Kina da kwafi?"

Fati ta zaro filashi daga jikin makullanta.

"Minti goma. Mama kuma ta koma kujerar can ta bakin ƙofa, ta riƙe hannuwanta inda zan riƙa ganinsu."

Zinariya ta ratsa zaure, hannaye a ƙirji kamar mai zuwa gaban alƙalin gaske. Minti goman nan ta yi su tana karanta duk addu'ar da ta sani, har da ta shiga kasuwa. Fati ta dawo da aikin. Tagar ta ce sannu ta yi shiru. Ta nuna wa Malam Mansir kuskurensa da jan rubutu, bai mutu ba. Ya ce ta goge, ta tambaye shi ko ya tabbata, ya ce bai tabbata ba.

Da aka zo kiran sunaye, na farko ba Fati ba ce, na biyu ma haka. Zinariya ta riga ta fara lissafin garin da za ta koma da zama. Sai aka ce Fati Ladan, ta uku, da sharaɗin ta sa wa shafin saituna makulli kafin Litinin.

Suka hau keke suka nufi gida. Can Zinariya ta ce a hankali, "Amma dai gaisuwar ta yi daɗi."

"Umma."

"Na yi shiru."

Washegari da hantsi tana shara, kanta a ƙasa don kada ta haɗa ido da kowa, sai ga Yelwa da wani abu a ƙunshe cikin zane. Ta waiga hagu da dama, ta kwance. Rediyon mijinta ne.

"Tun asuba yake ƙure mana shi, har yara ba sa jin kirana," in ji Yelwa. "Ya tafi Zungur, sai yamma. Ki taimaka."

"Yelwa, ni ban iya gyaran rediyo ba."

"Wa ya ce miki gyara nake so? Irin na jiya za ki yi masa."

Zinariya ta dubi rediyon, ta dubi ƙofar ɗakin Fati, ta jingine tsintsiya a bango.

"Ajiye shi nan," ta ce. "Amma ki sani, aikin injiniya ba ya son gaggawa."